Hayaƙi mai yawa, batir mai ƙaryar lamba

Sigarin lantarki iri biyu ne a hannun samarinmu, ko da yake mai wucewa ba lallai ya bambance su ba. Akwai ƙananan nan masu launi-launi da ake zuƙa har su ƙare a jefar. Akwai kuma manya masu nauyi a hannu, waɗanda ake buɗewa a sa musu batir, a zuba musu ruwa, a sauya musu kwayil, mai shi ya busa hayaƙi ya rufe fuskar na kusa da shi a majalisar ataya, ko a Nima ne ko Madina ta Accra, ko Aboabo ta Kumasi, nan Ghana. A kan waɗannan manyan nake magana, kuma ba ta fuskar huhu ba. Maganar huhu da nikotin likitoci sun yi ta, malamai ma sun yi tasu, ni kaina ban ga abin sha'awa a cikin lamarin ba. Amma wanda ya riga ya saya ya zura a aljihu yana ɗauke da wani haɗari daban, wanda ba ya jiran shekara ashirin kafin ya nuna kansa, kuma da wuya ka sami mai yi masa bayaninsa da harshen da yake ji.

Abin da ke cikin na'urar ba shi da yawa. Kwayil ɗan zaren ƙarfe ne da aka nannaɗe, aka cusa masa auduga jiƙe da ruwan da ake sha. Batir ya tura wuta ta cikin zaren, zaren ya yi zafi, ruwan ya koma tururi. Kowane zare yana da turjiyar da yake yi wa wutar da ke bi ta cikinsa, ana auna ta da om. Siririn zare mai tsawo turjiyarsa babba ce, wuta kaɗan yake bari ta wuce. Kakkaura kuma gajere turjiyarsa ƙarama ce, wuta sai ta kwarara son ranta. Sigarin lantarki na farko-farko, irin wanda wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ya ƙirƙiro a 2003, da waɗanda suka biyo bayansa, ƙanana ne masu ɗan tururi, kwayil ɗinsu ya haura om ɗaya, ba sa takura wa batir. Daga baya ne aka shiga gasar wane ya fi wane hayaƙi, aka koma sa zare mai kauri, turjiya ta sauka ƙasa da om ɗaya: 0.5, 0.2, 0.15, wasu har 0.1. Hayaƙin da ake burge mutane da shi daga nan yake fitowa, kuma batir ne ke biyan kuɗinsa.

Nawa yake biya? Lissafin ɗan aji shida ne. Wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana ƙa'idar tun 1827: ka raba bolt, wato ƙarfin turin wutar, da om, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da ake ja daga batir. Batirin da ake sa wa waɗannan na'urori yana kan bolt 4.2 idan ya cika da caji. Da kwayil mai om 1.4, amfiya 3 za a ja. Da mai 0.5, amfiya 8.4. Da mai 0.2, amfiya 21. Da mai 0.15, amfiya 28. Da mai 0.1, amfiya 42. A lura da yadda lambar ke tsalle a can ƙasa. Tsakanin 0.15 da 0.1 bambancin bai kai a kira shi bambanci ba a ido, amma amfiya 14 ne cur. Shi ya sa masu naɗa kwayil da hannunsu suke kan siraɗi: ɗan dunƙulen da bai ɗauru da kyau ba, ko mitar awo mai araha da ta yi kuskuren 0.02, ya isa ya mayar da amfiya 42 ya zama 52 da ɗoriya. Sannan wanda ya ɗora kwayil biyu gefe da gefe ya sani turjiya rabewa take yi biyu, ba ninkawa ba. Biyu masu 0.3 sun zama 0.15. Wannan ɗan ƙaramin bayanin da yawa suna juya shi a kai.

To batirin fa, me zai iya ɗauka?

Sunansa 18650, kuma sunan awonsa ne kawai: faɗi milimita 18, tsawo milimita 65. Akwai yayansa 21700, ya ɗan fi shi jiki. Lambobi biyu ne ke da muhimmanci a kansa. Ta farko mAh, yawan cajin da yake ajiyewa, ita ce kowa ya sani saboda waya. Ta biyu, wadda ake rubutawa CDR a takardar kamfani, ita ce yawan amfiyar da zai iya fitarwa ba tsayawa, daga cika har ƙarewa, ba tare da ya yi zafin da zai cutar da shi ba. Lambobin nan biyu kishiyoyin juna ne, ɗaya ta hau sai ɗaya ta sauka, domin wurin da ke cikin gwangwanin ƙayyadadde ne. Batir mai mAh da yawa tulu ne, ciki babba baki ƙarami: yana ɗaukar ruwa, amma ba a juye shi da gaggawa. Samsung 30Q yana da mAh 3000, amfiya 15. Samsung 25R yana da mAh 2500, amfiya 20. LG HG2 mAh 3000, amfiya 20. Masu mAh 3500, waɗanda suna daga cikin mafiya ajiya a wannan girman, amfiyarsu wajen 10 ce. Ka ɗauki ɗaya daga cikinsu ka ɗora masa kwayil mai 0.15, kana neman amfiya 28 a wurin wanda aka yi don 10.

Abin da ke faruwa a ciki idan an wuce iyaka shi ne zafi, kuma zafin ba a hankali yake hawa ba. Batir ma yana da tasa ƴar turjiyar a cikinsa, a ce om 0.02. Zafin da yake haifarwa yana tafiya ne da amfiya sau kanta. A amfiya 10, wat 2 na zafi ne a cikin gwangwanin (wat shi ne ma'aunin ƙarfin aikin wuta). A amfiya 30, wat 18. An ninka ja sau uku, zafi ya ninku sau tara. A cikin gwangwanin akwai fallaye biyu, na fozitib da na nagatib, an naɗe su tare kamar tabarma, tsakaninsu wata siririyar leda ce da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma duka suna jiƙe da wani ruwa mai kama wuta. Ledar nan tana fara narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 130. Da ta narke, fallayen biyu sun haɗu, shot ya faru, wato wuta ta bi gajeriyar hanya ba mai tare ta, a ciki inda hannu ba ya kaiwa, zafi ya haifi zafi, cikin ƴan daƙiƙoƙi a wuce digiri 500. Daga nan ba a tsayar da shi. Masu ƙera batirin sun yi masa wata mafita ta saman kansa don iskar gas ta fita da huci maimakon ya fashe. Amma idan yana kulle cikin bututun ƙarfe mara rami, iskar ba ta da inda za ta bi, sai ta yi wa kanta hanya, kuma bututun yana daidai bakin mutum.

A nan ne ya kamata a raba na'urorin biyu, don lissafinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda masu abin ke kira mek: bututun ƙarfe ne kawai da maɓalli, ba allo, ba wata ƙwaƙwalwa a ciki. Ka danna, batir ya haɗu da kwayil kai tsaye. Lissafin da na kawo a sama nata ne, kuma ita ba ta san cewa a'a ba. Kwayil ya yi shot, za ta ba shi wuta. Maɓalli ya danne a aljihu, za ta ci gaba da ba shi. An juya batir, ba ruwanta. Mutane biyun da aka fi ba da labarin mutuwarsu ta wannan hanya a Amurka, ɗaya mai shekara 38 a jihar Florida a watan Mayun 2018, ɗaya mai shekara 24 a Texas a watan Janairun 2019, duk irin wannan na'urar ce ta fashe musu. Na biyun ɓarɓashin ƙarfe ne ya yanke masa jijiyar wuya.

Ɗayar kuma mai allo ce, kana zaɓar wat ɗin da kake so da maɓalli. Tana da ƙwaƙwalwar da ke yanke wuta idan an yi shot, ko an daɗe ana dannawa, ko batir ya yi ƙasa. Ta fi aminci nesa ba kusa ba. Sai dai akwai abin da masu ita ba su cika sani ba: a wurinta turjiyar kwayil ba ita ce ke faɗin nauyin da ke kan batir ba, wat ɗin da ka zaɓa ne. Kuma nauyin yana ƙaruwa ne yayin da caji ke raguwa, saɓanin mek. Idan ka sa wat 80 a na'ura mai batir ɗaya, batirin ya sauko bolt 3.2, ƙwaƙwalwar za ta ja amfiya 25 don ta cika maka alkawari, da ɗan abin da ke salwanta a hanya ya kusa 28. Hanya mai sauƙi ita ce ka ninka CDR sau uku: batir mai amfiya 20 kada a wuce masa wat 60, mai 15 kada a wuce 45. Idan batir biyu ne, a raba wat ɗin biyu a yi wa kowanne lissafinsa. Ƙwaƙwalwar ba ta san wane batir ka zura mata ba. Tana ganin bolt, ba ta ganin CDR.

Duk wannan ana iya koyon sa a zama ɗaya, kafin a sauke butar ataya ta biyu. Matsalarmu a Ghana ba lissafin ba ce. Matsalar ita ce lissafin gaba ɗaya ya jingina ne a kan lamba guda, amfiyar batir, kuma ita wannan lambar a kasuwarmu ba ta da mai tsaya mata.

Manyan kamfanonin da ke ƙera waɗannan batura, irin su Samsung da LG da Murata, wadda ta sayi sashen baturan Sony a 2017, ba su yi su don a sayar wa mutum ɗai-ɗai ya sa a aljihu ba. Sun yi su ne don masana'antu su jera su cikin fakitin kwamfutar cinya, ko na'urar huda bango, ko keken lantarki, tare da allon kariya. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan sakakkun baturan 18650 a watan Janairun 2021. Ke nan duk wanda ya iso hannunka tsirara, ta wata hanya ya ɓullo. A kan wannan hanyar akwai masu sayen batura na ƙasa-ƙasa su sa musu sabuwar riga mai sheƙi, su buga lambar da suka ga dama. Akwai masu kwaikwayon rigar Samsung ko LG har da launi. Akwai kuma waɗanda ake ɓarowa daga matattun fakitin kwamfuta, sana'ar da masu gyara da ƴan gwangwan suka daɗe da sani, tun kafin a rushe filin gwangwan na Agbogbloshie da ke Accra a 2021 da kuma bayansa. Wannan na ƙarshen ba laifi ba ne a tocila ko ƴar fankar caji, inda ake jan amfiya ɗaya ko biyu. Amma batirin kwamfuta tun yana sabo ba a yi shi don fitar da wuta mai yawa ba, balle ya tsufa.

Ka shiga wajen masu kayan lantarki a Circle ta Accra ko Adum ta Kumasi ka nemi 18650, ba za ka rasa ba. Mai kanti zai miƙo maka ya ce, "Ɗan'uwa, orijinal ne, duba ka gani, 9900 ne." Ba lallai ƙarya yake shirya maka ba, shi ma abin da ya gani a jiki yake karantawa, kuma yawancin masu saye a wurinsa tocila za su sa wa. Amma babu 18650 mai mAh 9900 a duniya, ko 6000 babu. Haka wanda aka rubuta wa mAh 3500 da amfiya 40 a lokaci guda, lambobin ba sa zama a gwangwani ɗaya. Wata dabarar kuma ita ce a buga amfiyar ɗan taɓi, wato abin da batir zai jure na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a bar mai saye ya ɗauka ita ce ta dindindin. Wasu na cewa ai zuƙa ma daƙiƙa uku ce, me ya kai mu maganar dindindin? Zuƙa daƙiƙa uku ce ranar da komai ya tafi daidai. Ranar da aka matse ka a kujerar baya ta trotro, motar haya, daga Madina zuwa Circle, gwiwar wani ta danne maka maɓalli, ba daƙiƙa uku ba ce.

Doka ma ta ƙara wa abin duhu. A 2023 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, FDA, ta sanar cewa sayar da sigarin lantarki da tallata shi da shan sa don nishaɗi sun saɓa wa doka, ta kafa hujja da Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 da ƙa'idojin taba na 2016. Ƙofar da ta bari ita ce a yi masa rajista a matsayin maganin daina shan taba, da takardar likita. Ba na jayayya da manufar. Amma abin da aka hana a takarda alhali yana yawo a Instagram da WhatsApp, ɗan okada na kai shi har ƙofar gida, ya faɗa wani hali mara daɗi: ba shi da halalcin da za a binciki ingancinsa, bai kuma ɓace ba. Mai sayarwa ba zai kafa allo ya koyar da amfiya ba, mai saye ba shi da inda zai kai ƙara. Shi ya sa a ganina mek ba kayan kasuwarmu ba ce ko kaɗan. Na'urar da amincinta kacokan ya rataya a kan ka san ainihin batirinka ba ta dace da wurin da ba ka da hanyar sani ba. Mai na'ura mai allo kuma ya ɗauka batirinsa bai kai yadda aka rubuta ba, ya rage wat, ya bar rata mai faɗi. Idan batir ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi a tafin hannu cikin daɗi, ya riga ya ba ka amsar da takardar jikinsa ta ɓoye.

Akwai wani abin mamaki a cikin alƙaluma. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta tattara rahotannin fashewa da gobarar sigarin lantarki daga 2009 zuwa 2016, ta sami guda 195, mutum 133 suka ji rauni. Guda 60 ana cikin sha ne, 48 ana caji, amma 61 a aljihu suka faru. Kuma wannan abin da ya kai ga kafafen labarai ne kawai. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta raunuka 2,035 da suka kai mutane sashen gaggawa na asibitocin ƙasar tsakanin 2015 da 2017. Aljihu ke nan ya yi kafaɗa da kafaɗa da baki, kuma dalilin yana cikin ƙirar batirin. Gwangwanin 18650 gaba ɗayansa nagatib ne, daga gindi har wuya. Ɗan maɓallin saman nan kaɗai ne fozitib, kuma tazarar da ke tsakaninsa da leɓen gwangwanin ba ta wuce kaurin farce biyu ba. Abin da ya raba su da duniya shi ne siririyar rigar leda da ɗan zoben da ke ƙarƙashinta a sama. Rigar ta yage a wuya, sulallan sidi ɗaya ko mabuɗin babur ya gitta wurin, an sami kwayil mai turjiya kusan sifiri a jikin cinya. Rigar ta yage a gefe aka zura shi cikin bututun ƙarfe, na'urar na iya kama aiki ba tare da an taɓa maɓalli ba. Masu kwayil mai ƙaramar turjiya su suka fi faɗawa wannan, don batirinsu ba ya kai yamma, dole su riƙa yawo da na canji. Ɗan akwatin roba na ajiye batir da sabuwar rigar da ake sa wa da iskar zafi ba su da tsada. Selotef ba riga ba ne. Batirin da ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko ya faɗa ruwa, ya gama aiki.

Mutanenmu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma batir tsirara a aljihu ɗaya da canjin trotro ba tsautsayi ba ne, gayyata ce.

Zafin gari shi ma yana cin nasa rabon. Lambar CDR a ɗaki mai sanyi-sanyi ake auna ta, wajen digiri 25. Wanda ya bar na'ura a gaban gilashin mota da ranar watan Maris, ko a ƙarƙashin kujerar babur, ya cinye rabin ratarsa tun kafin ya danna. Caji kuma ba a son sa idan batir ya haura digiri 45, don haka wanda ya gama aiki da zafinsa a bar shi ya huce tukuna. Ga kuma al'adar da dumso, yawan ɗauke wutar nan, ya koya mana, ta barin komai a soket a kwanta, ko wuta za ta dawo cikin dare. Waya tana da kariyarta. Caja mai araha da sakakken batir a kan katifa, a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai mutum talatin, wani zance ne daban. A yi caji ido biyu, a kan siminti ko tayil, da caja mai tsayawa a bolt 4.2. Na'ura mai batir biyu kuma a aurar mata da biyu iri ɗaya, sayen rana ɗaya, su yi caji tare su ƙare tare, don idan ɗaya ya tsufa ya bar ɗaya, raunannen ne ke shan wahalar da ba a gani.

Idan abin ya zo, yakan ba da ɗan gajeren gargaɗi: zafi na ban mamaki, huci, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce. Ba lokacin ciro batir ba ne ko ceton na'ura. A yar da ita ƙasa nesa da labule da tukunyar gas, a ja da baya, a fitar da yara, kada a shaƙi hayaƙin don guba ne. Ruwa mai yawa yana sanyaya shi, kuma batirin da wutarsa ta mutu yana iya sake kamawa, don haka a bar shi a waje. Lambar gaggawa 112 ce, ta ƴan kwana-kwana 192. Wanda ya ƙone a cire masa tufar da ba ta manne ba, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi kamar minti ashirin, ba ƙanƙara ba. Ban da man kaɗe, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai. A Accra akwai cibiyar kula da ƙuna a Korle Bu, a Kumasi akwai sashenta a Komfo Anokye. Kuma a faɗa wa likita gaskiya cewa batir ne, ko da Baba na tsaye a wurin, domin ƙunar batir ba ta wuta kaɗai ba ce, akwai sinadarin da ke ci gaba da cin fata, kuma wankinta daban ne.

Mataccen batir kuma a liƙe kansa da gindinsa da baƙin tef na masu gyaran wuta, a ajiye shi shi kaɗai cikin roba har a sami masu karɓar sharar kayan lantarki. Kada ya shiga bola. A unguwanni da yawa bola wuta ake cinna mata, kuma yara ne ke tsaye kusa da ita. Ƙananan nan masu launi da ake jefarwa a kwata su ma kowanne da batirin litiyam a cikinsa, sau da yawa da sauran caji.